Zane a Cikin Murfi

Ku samarin da kuke sayen tankin feshi yau ku goya shi gobe, kuna cewa aikin bai wuce tafiya da matsa hannu ba, ni ma haka na ɗauka. Na shiga feshi ina da mata da 'ya'ya biyu, bayan keken ɗinkina ya daina ciyar da gida. Shekarun nan ne da soja suka koma bariki, ake maganar Shari'a a kowace majalisa. Na je wurin Baba Sale a Kibiya, wanda ya fi kowa daɗewa da tanki a yankinmu, na ce ya koya mini. Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Garba, da gemunka za ka yi yaron gida?"

Na ce masa gemu bai taɓa hana yunwa ba. Ya yi dariya, ya ce in zo gobe bayan asuba.

Aikina na farko wata gonar gyaɗa ce a hanyar Durba, kuma ranar ko igiyar tanki ban taɓa ba. Jarka ya ba ni in ɗebo ruwa. Na ga kududdufi a gefen gonar, na cika jarka, na dawo ina ganin na yi sauri. Baba ya tsiyaya kaɗan a tafin hannunsa, ya jira, ya nuna mini lakar da ta kwanta. Ya ce ruwa mai laka yana cinye ƙarfin magani tun kafin ya kai ga ganye, ragowar kuma ta toshe bakin feshi. Sai da na koma rijiyar cikin gari. Ko ruwan rijiyar ma sai ya tace shi da wani tsohon ƙyallen atamfa kafin ya shiga tanki. Da aka gama haɗi bai goya ba. Ya sunkuya ya ɗebi busasshiyar ƙasa da yatsu uku, ya ɗaga sama, ya sake ta. Inda ƙurar ta nufa ya kalla, sannan ya ce, "Daga gabas take. Ta can za mu fara." Mai feshi ba ya fuskantar iska, in ba haka ba abin da ya zuba wa ƙwaro shi zai sha.

Tanki biyu gare shi. Na maganin ciyawa yana da jan tsumma a wuya, na maganin ƙwari ba shi da komai, kuma ko za a yi me ba ya haɗa su, domin ɗigon maganin ciyawa da ya maƙale a roba ya isa ya kwantar da wake. Bakin feshi ma iri biyu ne: mai faɗi na ciyawa, da mai hazo na ƙwari. In baki ya toshe ba a sa masa allura, ramin zai buɗe ya riƙa zubar da magani fiye da kima. Ba a kuma busa shi da baki. Gashin kaza yake yawo da shi a aljihu saboda haka. Ba goro, ba taba, ba sosa ido har sai an wanke hannu. Mutane sukan kawo mana nono bayan aiki wai yana kashe dafi. Baba yakan sha ya yi godiya, in mun bar wurin ya ce da ni, "Nonon na ciki ne. Maganin dafi sabulu ne." Wake kuwa, in ya yi fure, sai da la'asar sakaliya muke fesa masa, bayan ƙudan zuma sun koma amyarsu.

Baba ya yi karatun allo, amma boko ko harafi ɗaya bai sani ba. Yawancinmu a lokacin haka muke. Magani da hoton da ke jikin kwalba muke saninsa. Na ƙwarin wake, wanda kowa yake saye saboda sauƙinsa, hoton kunama ne a jikinsa, don haka Mai Kunama muke ce masa. Awonsa kuma da murfin kwalbar ne: murfi biyu a tanki. Baba yana da wani tsohon murfin Mai Kunama da ya huda wa kunne ya ɗaure da zare a igiyar tankinsa. Shi ne mudunsa, shi ne littafinsa. Kuma duk shekarun da ya yi yana feshi, ba a taɓa nuna gona an ce hannun Sale ne ya ƙona ta ba.

Masu gona kala-kala ne. Akwai wanda zai tsaya a kanka ya ce, "Ƙara mana, ni ban ji wari ba." Akwai wanda ba zai kira ka ba sai tsutsa ta ƙoshi, sannan ya ce maganinka na jabu ne. Akwai kuma irin Inna Kande ta Fammar. Taubashiyar Baba ce, mijinta ya rasu, jikoki uku ne a hannunta. Gonar wake ɗaya gare ta, kuma waken nan shi take soya ƙosai da shi a bakin makaranta daga kaka har wata damina. In gonar ta yi, gidan ya ci. Ba ta taɓa kiran Baba da sunansa kawai ba, sai Sale Mai Wari. Shi kuma ya ce ƙosanta ne ya karya masa haƙori.

Shekarar da ta ba mu wahala, ruwa ya yi kyau, wake ya yi fure kamar an watsa masa auduga. Muka tafi Rano shagon Alhaji Mudi, wanda duk masu feshin yankin wurinsa suke sayen kaya. Inda kwalaben Mai Kunama suke zama a kanta babu komai sai shatin gindinsu a ƙura.

"Alhaji, ina Kunama?" in ji Baba.

"An kai ta kotu, Baba."

"Wa ta harba?"

Alhaji ya yi dariya, ya ba mu benci, ya yi mana bayani gwargwadon abin da dillalan Kano suka gaya masa. Wani kamfanin ƙasar waje ne ya fara gano maganin. Duk wanda ya ƙirƙiro abu, hukuma takan ba shi takarda cewa shi kaɗai zai yi shi ya sayar har wasu shekaru. Da shekarun suka kusa cika, sai kamfanin ya ɗan taɓa maganin, ya koma ya karɓo sabuwar takarda. Masu yin Kunama suka ci gaba da nasu, sai aka kai su ƙara cewa sun shiga haƙƙin wani. Su kuma lauyoyinsu suka ce sabuwar takardar ba ta da tushe, domin ba wani sabon abu da aka ƙirƙira, tsohon magani ne aka sauya wa riga. Alƙali ya ce a dakatar da sayar da Kunama har ya yanke hukunci.

"Alƙalin nan namu?"

"A'a, kotun tarayya ce, can Legas."

Baba ya ce, "Wanda ya haƙa rijiya ba a hana shi gugan farko, wannan gaskiya ne. Amma ni abin da na sani, yaro in ya yi wa maigida shekarunsa, yaye shi ake yi. Ban taɓa jin an sake wa yaro suna ranar yaye an ce sabon zuwa ne ba."

Alhaji ya sauko da wata kwalba mai hoton tauraro, ta kamfanin da ya kai ƙarar. Tsadarta ta sa manoma da yawa suka haɗa kai biyu-biyu kafin su sayi ɗaya. Ya ce, "Kada ka damu, Baba. Su masu Kunama da bakinsu suka ce wa alƙali abu ɗaya ne. Murfi biyu, kamar kullum."

Ba ƙarya Alhaji ya yi da gangan ba. Abin da ya ji ke nan, kuma maganar da ta zaga kasuwa ke nan: ai shi ya sa ma ake shari'a, don abu ɗaya ne. Baba ya buɗe kwalbar, ya riƙe ta nesa da fuska, ya kaɗo warin da hannu. Ya ce warin na gida ne, amma ya yi nauyi. Muka sayi ɗaya. A hanya ya ce da ni, "Ban san ta ba. Abin da ban sani ba kuwa ba na zuba shi a gonar mutum."

A lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci. Hausa nakan karanta a hankali da yatsa, Turanci ko kaɗan, amma lamba na iya. Da muka isa gida na juya bayan Mai Tauraro, na ga hoton ɗan tanki da lamba a gefensa. Baba yakan huda kwalaben da suka ƙare ya binne, amma akwai wata tsohuwar Kunama da ta rage a rumbun kaya. Na ɗauko ta. Hoton tankin nan yana jikinta ita ma, sai dai lambar Tauraro ba ta kai rabin ta Kunama ba. Na karɓo sirinji marar allura a kemis, muka auna da ruwa. Abu biyu suka fito. Murfin Tauraro ya fi na Kunama ciki sosai. Sannan abin da kwalbar take so a zuba a tanki bai ma cika tsohon murfin Baba guda ɗaya ba.

"Murfi ɗaya ma bai cika ba?" in ji Baba. "Garba, wannan ai wanka za ka yi wa tsutsa."

"Haka lambar ta ce, Baba."

"Kasuwa ta ce biyu, lamba ta ce bai kai ɗaya ba. To, bari mu tambayi wake."

Yana da 'yar gonar wake a bayan gida, tanki uku ne ke gama ta. Ya raba ta uku da karan dawa. Kashi na farko ya fesa da sabon murfi biyu, yadda kasuwa ta ce. Na biyu da tsohon murfinsa biyu, yadda hannunsa ya saba. Na uku da awon sirinji. Na roƙe shi ya gwada a kunya ɗaya-ɗaya kawai, kada ya sa waken gidansa duka a ciki. Ya ce abin da aka dama a kofi ba shi ne abin da aka dama a tanki ba, kuma yadda zai yi wa Kande haka zai yi wa kansa.

Washegari da hantsi sai ga Inna Kande a kan ɗan acaɓa. Ko ruwa ba ta sha ba. Ta kwance bakin mayafinta, ta zube furen wake a kan tabarma, ta tsaga ɗaya da farce. Ƙananan ƙwarin nan baƙaƙe suna ta zirga-zirga a ciki.

"Sale Mai Wari, ka ga baƙin da suka sauka a gonata? Kowa a Fammar an yi masa feshi, ni da nake da ɗan'uwa mai tanki ni ce a baya."

"Ki ƙara mini haƙuri kaɗan, Kande."

"Tsutsar ce ta ce maka za ta jira alƙalin Legas? In tsufa ne ya hana ka, ka faɗa. Akwai yara a Dawaki, yanzu in na aika za su zo."

Baba ya tashi ya ce ta biyo shi. Ya kai ta bayan gida, ya nuna mata karan da ya kafa, ya gaya mata abin da ya zuba wa kowane kashi. Ta dubi gonar, ta dube shi.

"Waken gidanka ne wannan duka?"

"Shi ke nan."

"Kai dai tun muna yara ba ka da wayo," in ji ta. Ta ɗaure mayafinta. Da za ta hau babur ta ce, "Ba zan aika Dawaki ba. Amma in gonar nan ta tafi, jikokina a gidanka za su riƙa karya kumallo."

Ba a daɗe ba wake ya ba da amsa. Kashi na farko ganyen ya nannaɗe, gefensa ya ƙone kamar an gifta masa wuta, fure duk a ƙasa. Na biyu bai ƙone sosai ba, amma ya zubar da fure mai yawa. Na uku yana nan kore shar. Baba ya tsuguna ya tsinko fure daga ciki ya tsaga, ƙwarin sun mutu. Da ya miƙe abin da ya fara cewa shi ne in hau keke in je Rano in gaya wa Alhaji Mudi. Alhaji bai yi gardama ba. Ya zo da kansa ya ga gonar, ya koma ya rataye sirinji a ƙofar shago, ya aika aka yi sanarwa a masallatai. Amma labarin ya makara ga mutane da yawa. Gonaki sun ƙone a Dawaki da Durba. Masu amya sun tarar da ƙudan zumansu a zube a gindin bishiya. Wasu masu feshi sun kwanta ciwon kai da amai, wasu sun ajiye tanki ba su sake ɗauka ba, domin manomi ba ya tuna sunan kamfani, sunan wanda ya shiga gonarsa yake tunawa.

Da la'asar ɗin ranar da wake ya ba da amsa muka isa gonar Inna Kande. Na tace ruwa, na cika tanki rabi yadda ake yi, na miƙa wa Baba sirinji. Ya ɗaga shi sama, ya matso da shi kusa da ido, ya nisantar, ya juya shi.

"Waɗannan tururuwan ba sa tsayawa wuri ɗaya," in ji shi, yana nufin lambobin jikin sirinjin. Ya taɓa murfinsa da ke lilo a igiya, ya sake shi. Sannan ya tura tankin gabana. "Goya, Garba. Daga yau kai ne maigida. Ba ni jarka."

Inna Kande tana zaune a kan kunya. Na ce mata ko akwai wuta a kusa. Ta ce masu gonar maƙwabta suna gasa masara. Na ciro ƙusa daga kariyar kekena, na sa ta a garwashi. Na kwance murfin Baba, na wanke shi da sabulu, na ja ruwa a sirinji daidai lambar kwalbar, na zuba a ciki. Inda ruwan ya tsaya na sa wa alama, na zubar, na bi wurin da ƙusa mai zafi har zane ya zagaye cikin murfin. Na shafa masa gawayi ya fito baƙi. Na miƙa masa.

"Iyakar nan, Baba."

Ya karkata shi wajen rana. Ya ce, "Wannan kam ina ganinsa." Ya tsiyaya magani har zanen, ya juye a tanki, na cika da ruwa. Ya goya. Ya ɗebi ƙasa da yatsu uku ya sake.

"Sale, ka bi a hankali, kada ka taka mini yaɗo da manyan ƙafafun nan," in ji Inna.

Furen farko da ƙwari suka riga suka ci bai dawo ba, amma na baya ya kama. Gonar ta ba da abin da ya kai gidan wata damina. Baba kuwa harawa ya fi samu a tasa. Da kaka Inna ta zo Kibiya da buhun wake a bayan babur da ƙosai a kwano, ta ajiye a ƙofar gida ta ce sadaka ce ta kawo wa wani bawan Allah da ya ƙona gonarsa da hannunsa. Baba ya ɗauki ƙosai ɗaya ya ce a kawo masa guduma.

Sai da damina biyu ta wuce kafin shari'ar ta ƙare. Alhaji Mudi ya ce alƙali ya soke sabuwar takardar, domin ƙara wa magani ƙarfi ba ƙirƙira ba ce. Baba ya ce, "Alƙali ya yi gaskiya, miyar ɗaya ce. Gishirin ne dai bai zo ya ɗanɗana ba." Daga nan ƙofa ta buɗe. Kunama ta dawo, ga Mai Zaki, ga Mai Shaho, ga wasu da ban riƙe ba. Magani ya yi sauƙi, talaka ya samu, wannan alheri ne. Amma kowace kwalba da ƙarfinta, kowace da girman murfinta. Abin da nake so ku riƙe ke nan: iri ɗaya a gaban alƙali ba ya nufin awo ɗaya a tanki. Ku juya bayan kwalba kafin ku buɗe bakinta. Wanda bai iya ba ya tambaya, aji kuma yana nan, da furfurata nake zuwa har yau.

Baba ya yaye ni a shekarar, ya ba ni tankinsa mai jan tsumma, na ƙwari kuma na saya da kaina. Amma duk lokacin da sabuwar kwalba ta shigo, sai in ji sallamarsa da sassafe. "Malam Garba, zana mini." In sa ƙusa a wuta in zana. Bai taɓa rikita zane da zane ba, kuma bai taɓa kai sabon magani gonar wani ba sai gonar bayan gidansa ta ɗanɗana.

Zuwansa na ƙarshe da kwalba, na zuba ruwan awo a murfin, na ɗaga shi na duba. Inda ruwan ya tsaya akwai zane, samansa zane, ƙasansa zane.

"Babu sauran wuri, Baba."

Ya karɓa ya duba da kansa. Ya ce, "To, madalla. Ya yi aikinsa." Ya jawo tankina na ƙwari ya ɗaure murfin a igiyar, ya ja zaren da haƙoran da suka rage masa. Yana nan har yau, duk wanda ya tambaya nakan nuna masa.

Ranar akwai aiki a Fammar, gonar Inna Kande. Na ce ya zauna ya huta, ya ce wa zai hana ta zagina in ba ya wurin. Na goya shi a keke. Da na gama haɗi ya tsaya a bakin gona da sandarsa, ya sunkuya da ƙyar, ya ɗebi ƙasa da yatsu uku, ya ɗaga, ya sake.

"Daga yamma take, Garba. Fara ta can."